Na San Rubutun Kowa

Litinin, ƙarfe biyu da rabi na rana

Yau aka yi zaɓen. Tun da Hedimasta ya dawo daga taron bitar nan bai bar mu mun sha ruwa ba. Wai daga yanzu an ajiye bulala a makarantarmu, yara ne za su zaɓi shugabarsu, su kafa majalisa, su riƙa gyara junansu. Ya tsaya a gaban layi yana ta "kyakkyawar alaƙa, kyakkyawar alaƙa," sai ka ce aron kalmar aka ba shi gobe zai mayar. Shekara goma sha bakwai ina shaƙar alli, yau ne za a koya mini alaƙa. To, mun ji.

Daga aji shida ake fid da shugaba, ajina ke nan. 'Yan takara biyu: Autata, da yarinyar da yara ke kira Mai Tabarau. Aka yayyanka takarda, kowa ya rubuta sunan wadda yake so, ya naɗe, ya jefa a kwalin alli. Wai zaɓen sirri. Hedimasta ya ƙirga a gabansu, Auta sha tara, Mai Tabarau sha biyu. Ya maƙala wa Auta baji a ƙirji, aka yi tafi, sannan ya miƙo mini kwalin ya ce, "Malama, a zubar."

Ban zubar ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Sirrin me? Yara talatin da ɗaya, kullum littattafansu a teburina ina yi musu maki. Na san rubutun kowa kamar yunwar cikina. Na baje takardun a kan gado na ware sha biyun nan. Sha ɗaya ko a jikina, dama na san irin gidajen da suka fito. Ta sha biyun ce ta tsaya mini a maƙogwaro.

Jela. Ni na laƙa mata sunan har ya bi ta, don duk inda Auta ta sa ƙafa tana biye. 'Yar matar da ke mana shara ce a makaranta. Tun aji biyu benci ɗaya suke zama. Abincin da nake zuba wa Auta tare suke ci. Yunifom ɗin da ke jikinta na Auta ne na bara, ni na miƙa wa uwar da hannuna. Ba ta da littattafan karatu, daga na Auta take kwafa, har rubutun 'yata ta kwaikwaya, 'yan ƙanana a kwance, in ba ni ba babu mai iya rabewa. Takarda biyu na samu da wannan hannun. Ɗaya ta ce Auta, 'yata ke nan, ta zaɓi kanta kamar yadda na umarce ta. Ɗayar ta ce Mai Tabarau.

Tsintacciyar mage ba ta mage. Saura wata biyu jarrabawar shiga sakandare, kuma wai wannan ce take gaban Auta a lissafi, da abincina a cikinta.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Na faɗa wa Auta ina tsefe mata kai. Ta ce, "Mama, ba sirri aka ce ba?"

Na ce sirri ne ga wanda bai iya karatu ba. Na ɗora mata takardar a cinya. Ta daɗe tana kallo.

"Kin tabbata nata ne?"

"To na wa? Naki?"

Na ce, "Duk wanda ya rubuta wannan butulu ne. Wallahi da daga cikina ya fito da na sallama shi, ba zai ƙara kirana uwa ba." Na ji wuyanta ya ƙage a hannuna, sai da na dungure mata kai ta sunkuya. Baƙin ciki ne, na sani. Gara ta san mutane tun yanzu.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Majalisa ta yi zamanta na farko lokacin tara, a ɗakin karatu. Yara biyar, Auta a kujerar tsakiya, Mai Tabarau ce magatakarda don a huce mata rashin nasara. An damƙa musu wuƙa da nama su zaɓi horon da zai maye bulala. Suka ce shiru. Duk wanda sunansa ya shiga littafin shugaba sau uku, za a yi masa shiru na mako guda. Ba mai yi masa magana, in ya yi ba mai amsawa. Hedimasta har da tafi. "Kun gani? Babu duka, babu zagi!" Ya ciro littafinsa ya rubuta, wai zai kai taro na gaba.

Ni dai na san yara. Bulala bakwai ce a manta kafin a tashi. Amma wa ya tambaye ni?

Litinin, ƙarfe uku da rabi na rana

Na karɓi littafin Auta na duba. Masu surutu, masu latti, mai cin biro, har da wanda ya yi fito. Sunan Jela babu.

Yarinyar tana riga kowa zuwa makaranta, wannan gaskiya ne. Tun sassafe take taya uwarta sharar azuzuwa da ɗibar ruwan banɗaki. Amma ƙararrawa a can take samunta, sai an fara layi ta rugo da ƙura har gwiwar hannu.

Na ce, "Me doka ta ce?"

"Wanda ba ya cikin layi lokacin ƙararrawa."

"Jela fa?"

"Mama, ai tana cikin makarantar. Mamarta take tayawa."

"Layi doka ta ce ko makaranta? Shugaba ba ta da ƙawa. In ba za ki iya ba ki cire bajin ki kai wa Mai Tabarau, dama ita ƙawarki ta zaɓa."

Ta rubuta. Sai da ta bi kan sunan sau biyu, na farkon bai fito ba.

Laraba, ƙarfe takwas da kwata na safe

Sau uku ya cika.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Sun yanke wa Jela shiru. Ban shiga ɗakin ba, ni ba 'yar majalisa ba ce. Ban taɓa ta ba, ko da yatsa.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Kai, yara! Ba ka koya musu mugunta, da abarsu suke zuwa. Auta ta koma bencin gaba, sauran biyun da ke bencinsu suka matsa can ƙarshe suka bar wa Jela fili kamar mai ƙyanda. Wani ya zana layin alli kewaye da ƙafafunta. Ta nemi aron rula, wanda ta tambaya ya ɗaga kai yana kallon silin yana cewa, "Kun ji sauro?" Ajin ya kwashe da dariya. Na buga tebur na ce a yi shiru, shi ke nan aikina.

Na ba da lissafi a allo. Hannunta ne ya fara tashi, kullum haka ne. Ban kira ta ba. Dokar ta yara ce, amma yaya zan rushe abin da majalisa ta gina? Hedimasta da bakinsa ya ce mu girmama hukuncinsu. Hannun ya daɗe a sama, har ta tallafe shi da ɗayan. Na kira wani ɗan dolo a baya, ya ba ni amsar banza, na gyara masa.

Lokacin tara na hango Jela a bakin famfo ita kaɗai. Auta ta dawo gida da abincinta ko taɓawa ba ta yi ba. Na ce ta zauna ta cinye a gabana.

Alhamis, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Mai shara ta tare ni a ƙofar aji, tsintsiya a hannu, har da rusunawa.

"Malama, an tashi lafiya? Don Allah in tambaya. Me yarinyar nan ta yi? Ba ta ci, ba ta magana, ko a gida."

Na ce latti take yi, ta tambayi majalisa.

"To na hana ta tayani, ni kaɗai nake yi yanzu. Amma yara suna cewa wai cin amanar Auta ta yi a zaɓe. Na tambaye ta, ta rantse mini Auta ta rubuta."

Yara suna cewa. Ban san wa ya gaya musu ba. Na dai yi maganar sau ɗaya a ofishin malamai, taga a buɗe, ban san da kowa a waje ba.

Na ce, "Baiwar Allah, kin iya karatu?"

Ta ce a'a.

"To ni na iya."

Ta tsaya tana murza kan tsintsiyar. Ta ce, "Haka ne, Malama. Allah ya huci zuciyarki." Na shige aji. Matar nan ko faɗa ba ta iya ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Yau ya kamata shirun ya ƙare. Sai Mai Tabarau ta kawo rahoto cewa jiya a bakin famfo Jela ta kama hannun Auta ta ce, "Me na yi miki?" Wai taɓa shugaba raini ne. An ƙara mata mako guda.

Na tambayi Auta me ta amsa. Ta ce ba komai. Na ce madalla. Ta shige ɗaki ta kwanta da takalmi a ƙafa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Gwajin lissafi. Auta sha takwas cikin ashirin. Jela shida, rabin takardar ma ba ta rubuta komai ba.

Abin da nake so ke nan. Na yi girki ban iya ci ba, gishiri ne ya yi yawa.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Zan rubuta yadda aka yi, don in an tambaye ni gobe kada in rikice.

Tsarin Hedimasta ne, ba nawa ba. Don kada yara su riƙa katse darasi, mai son fita banɗaki wurin shugaba yake neman izini, ta miƙa masa katin fita. Ba kati, ba fita, in ka fita sunanka ya shiga littafi. Babu wanda ya yi tunanin yadda mai shiru zai nemi kati. Ni ma ban yi ba.

Bayan tara na ba su aiki na zauna yin maki. Na ji muryar Jela, can ƙasa. "Shugaba, kati." Auta ba ta juyo ba. An jima kaɗan, "Shugaba, don Allah kati." Na ga hannun Auta ya tafi aljihu, ta ɗago ta kalle ni. Ni maki nake yi. Littafi talatin da ɗaya ba wasa ba ne. Hannun ya dawo kan benci.

Na uku ba shugaba ta kira ba. "Malama," ta ce.

Ina tsakiyar jimla, na ce bari in ƙarasa layin nan. Layi ɗaya tak.

Sai na ji benci suna ja da baya, wani ya ce "Kai!", wata ta toshe hanci. Yarinya mai shekara sha ɗaya. Tana zaune ba ta motsa ba, idonta a kan allo, abin yana bin ƙafar benci har ya tsallake layin allin nan.

Ba a barin aji haka. Na aika a kira mai shara, aikinta ne, wa zan kira? Ta shigo da bokiti da tsumma, ba ta san na waye ba sai da ta iso benci na uku. Ta kalli 'yarta. Ta cire mayafinta ta ɗaura mata a ƙugu, ta ce, "Tashi, uwata, jira ni a waje." Sannan ta durƙusa ta goge, a gaban yara talatin, har ƙarƙashin bencin. Da ta gama ta ce, "Malama, a yi haƙuri."

Na ce ba komai.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ban taɓa ta ba.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Ba ta zo ba. Babu mai zama a bencin. Sun raɗa mata sabon suna, ba zan rubuta shi ba. Na kira rajista, da na zo kanta na sa alamar rashin zuwa na wuce. Auta ta ce cikinta na ciwo, ta yi amai a bayan aji.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina guga Auta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, bajin a hannunta. Na ce ta ajiye kada ya ɓata.

"Mama, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na rubuta Mai Tabarau. Ba na son shugabancin, na gaya miki ba na so kika ce dole. Jela ni ta zaɓa, ta nuna mini kafin ta naɗe." Kuka ya ci ƙarfinta. "Kin ce za ki sallama ni."

Na ji ƙauri. Kwalar rigar babanta ce ta ƙone.

Takardun suna cikin durowa. Ban buɗe ba, ba sai na buɗe ba. Auta tana danna biro har ya fito ta baya, tun tana aji ɗaya nake mata faɗa a kai. Jela a hankali take rubutu, don kada biro ya ƙare mata. Ranar nan a kan gado yatsana ya ji bayan takardar. Ya ji. Na ce gado ne ke da laushi.

Na ce, "Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ki bar shi haka. Je ki wanke fuskarki."

Ta tsaya tana kallona, irin kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Na daka mata tsawa ta tafi. Na jefa takardun a murhu, duka talatin da ɗayan. Ai tun farko zubarwa aka ce in yi.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Babanta ya ce me ke damun Auta. Na ce karatu ne.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Hedimasta ya kira ni ofis. Jibi Laraba zai aika da sunayen masu jarrabawa, wanda ba ya ciki sai wata shekara, in akwai rabo. Ya ce, "Yarinyar nan ta mai shara, in bar sunanta ko in cire? Ke ce uwar aji." Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya ji, kowa ya ji, amma jin zai ɓata masa rahoton da zai kai taro. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa Laraba."

Na sami uwar a bayan aji tana kwashe shara. Wannan karon ni na fara gaisuwa, har ta waiwaya ta ga ko da wani nake. Na ce yarinyar ta dawo, jarrabawa ta matso.

"Malama, na yi lallashi har na gaji. Ta ce abin da ya faru a benci za ta iya daurewa, yara sa manta. Amma ba za ta zauna a ajin da ake ce mata maciya amana ba. Ta ce ke kika san rubutun kowa. In kika faɗa a gaban aji cewa Auta ta zaɓa, kowa zai yarda, ranar nan za ta dawo."

Kalma nawa ce? Ba ta kai goma ba. Na ce zan duba.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na gwada a gaban madubi. "Yara, Jela ba ta ci amanar kowa ba." Sai su ce, yaya aka yi Malama ta sani? Sai iyaye su ji na karanta ƙuri'un 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya. Uban Mai Tabarau shi ne shugaban ƙungiyar iyaye. Sai a ce to takardar ta wa ce? Sai a gane 'yata ma ba ta zaɓi kanta ba, tsorona ya sa ta yi abin da ta yi. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa kama ni da kuskuren maki ɗaya ba.

Amma zan faɗa. Gobe da safe, kafin darasi. Na rantse zan faɗa.

Laraba, ƙarfe tara da rabi na safe

Na shiga, suka miƙe suka gaishe ni, suka zauna. Na hango mai shara ta taga, tana share wurin da ta riga ta share. Can bakin get, a gindin bango, akwai wata a tsaye da yunifom an goge shi. Tun da safe ke nan ta shirya.

Na ce, "Yara, ku saurara." Suka yi tsit. Auta ta ɗago, bakinta a buɗe kaɗan. Ido sittin a kaina.

Na ce, "Ku buɗe shafi na arba'in da biyu."

Da na sake duba taga tsintsiyar ta daina motsi. Da aka fita tara babu kowa a bakin get.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Na ce wa Hedimasta da alama iyayen ba su da sha'awar karatun. Ya girgiza kai ya ce, "Matsalarmu ke nan da irin waɗannan gidajen." Ya ɗora rula ya ja layi. Talatin aka aika.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Baƙi sun zo ganin tsarinmu. Auta ta karanta jawabin da na rubuta mata ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Wata a cikinsu ta ce mini, "Malama, kin iya tarbiyya." A hanyar gida Auta ta yi ta tafiya a gabana, taku goma tsakaninmu, in na yi sauri ta ƙara.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Uwar Jela ta riga ni shiga aji, tana shara. Aikin ba za ta iya bari ba, akwai ƙanana uku a gida.

"Malama, an tashi lafiya?"

Na amsa. Na ajiye jaka, na jera alli, na sake jerawa. Na ce, "Yarinyar fa?"

"Jiya na sa ta a mota, ta tafi wurin yayata. Tana da shago, za ta riƙa taya ta." Ta ci gaba da shara. Da ta kai ƙofa ta tsaya. "Ta ba ni saƙo. Ta ce a gaishe mata da Auta, wai ba ta riƙe ta da komai ba. Ta ce ta dage da lissafin raba lamba, nan take yawan faɗuwa."

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne akwai yanar gizo a saman taga ta biyu, tun makon jiya nake ganinta. Ta ce to, Malama, ta ɗaga tsintsiya ta cire.

Na ce mata Auta za ta ji saƙon. Ba za ta ji ba.